Ya san tana illa amma ya ƙi bari

Ɗan'uwa, ka ce me ya sa yayanka ya ƙi barin sigari alhali ya san illarta. Wallahi ba taurin kai ba ne kawai. Wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Leon Festinger, ya yi bayanin wannan tun 1957, wai in aikinka ya ci karo da abin da ka yarda da shi zuciya ba ta samun sukuni, to maimakon mutum ya daina sai ya lallashi kansa, ai kakanmu ya sha har ya tsufa, ai kowa da ranarsa. Kakan kawai yake tunawa fa, waɗanda huhunsu ya lalace ba ya lissafa su. Kar ka tsare shi gaban mutane, ƙara kafewa zai yi, ka same shi ku biyu.