Amsa: Zinaren Ɗan Issa ko harkar sola?

Malam, ka ce kana da 'yan kuɗi a Maradi, kana tunanin zuba su a haƙar zinare ko makamashi. Man Agadem da matatar SORAZ ta Damagaram harkar gwamnati ce da manyan kamfanoni. Namu rabon bai wuce jigila da gidan mai ba.

Zinare kuwa, a yi hattara. A 2021 ramin zinare ya rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Issa, aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kada ka ba mai rami kuɗi da baki kawai. Ka ga takardar izininsa daga ma'aikatar ma'adinai, lauya ya rubuta muku yarjejeniya.

Ni dai sola na fi so: masu lambu na neman famfon ban-ruwa, wuta kuma tana yawan ɗaukewa. Ka fara nemo ƙwararren mai haɗawa kafin ka sari kaya.