Tun da munka sabunta databes rahoto ka tafiyar hawainiya, mu sayi sabuwar saba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manaja ne a wani kamfanin sarin kayan masarufi nan Sakkwato, muna da sito kusa da Babbar Kasuwa da reshe guda a Illela. Watan jiya munka sabunta databes ɗinmu, wato rumbun bayanan kamfani da ke kan saba (babbar kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta), daga SQL Server 2012 zuwa 2019 don mai manhajar lissafinmu yace tsohon ya daina samun gyara daga Microsoft. To tun sannan rahoton bashin kwastomomi da na kayan sito, wanda da cikin minti 2 yake fita, yanzu sai ya kai minti 40, wani lokacin ma ya maƙale gaba ɗaya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar sabar, kullum tana kan kashi 100 cikin 100, yaran kanta na kukan rasit baya fita da wuri. Injiniyan da ya yi muna aikin yace sabar ce ta tsufa a sayi sabuwa, kuɗɗin kuwa miliyoyi ne. Alhaji yace in bincika kafin shi sa hannu. Mi kaka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada Alhaji shi sa hannu tukuna. Sabar nan da aka ce ta tsufa ita ce dai ta fidda rahoton cikin minti 2 ana jajibirin sabuntawa, ƙarfe baya tsufa dare ɗaya, abin da ya canza shi ne manhajar da ke kanta, to nan za a fara dubawa. Maganar barin 2012 kam gaskiya anka gaya maku, Microsoft ta rufe tallafinsa tun Yulin 2022, don haka kar kowa ya kawo shawarar komawa baya.

Ga abin da ka faruwa ciki. Duk sanda ka danna rahoto, SQL Server ba ya faɗawa aiki kai tsaye, sai ya fara kirdadon layuka nawa zai tarar a kowane tebur sannan ya zaɓi hanyar ɗauko su. Kamar dillalin albasa ne da anka ce mashi buhu 10 ne a Wurno, ya tura ɗan keke napep, ashe buhu 5,000 ne, to keken nan haka zai yini yana zirga-zirga alhali tireloli ya kamata a tura. Wannan zirga-zirgar ce kake gani a matsayin furosesa 100. Kuma a SQL Server 2014 Microsoft ta sake wa ɓangaren kirdadon nan fasali gaba ɗaya, bayan tsohon ya yi aiki tun SQL Server 7.0 na 1998. Yawancin tambayoyi, wato umarnin neman bayanai da manhaja ke aika ma databes, sun amfana, amma akwai waɗanda sunka lalace, galibi irin rahotannin nan masu haɗa tebur bakwai takwas, na kwastoma da na rasit da na biya da na sito, waɗanda anka rubuta shekaru da dama bisa halin tsohon.

Abu na farko mai sauƙi ne, a buɗe Task Manager, mai nuna abin da ke aiki a Windows, a tabbatar sqlservr.exe, wato SQL Server kanshi, shi ne ke cin furosesar. Wani lokacin manhajar kashe bairos ce ta samu sabon folda tana ta laluben fayilolin databes ba dare ba rana, ana ta zagin SQL a banza.

In SQL Server ɗin ne, a ɗauki bakof mai kyau, wato kwafin databes ɗin, a ajiye wani wuri daban, sannan bayan isha'i da an rufe kanta a sabunta ƙididdigar teburori duka da umarnin UPDATE STATISTICS tare da FULLSCAN. Ƙididdigar nan da ita yake kirdado, in ta tsufa ko wane irin injin kirdado ne sai ya yi kuskure, kuma abin mamaki shi ne matakin da masu sabuntawa kan tsallake don a lokacin gari ya kusa wayewa kowa ya gaji. Sau da yawa nan kaɗai magana ke ƙarewa.

In bata ƙare ba sai injiniyanku ya shiga Properties na databes ɗin, ƙarƙashin Options, ya duba lambar da ke gaban Compatibility level, mai nuna halin wane SQL Server databes ɗin ke bi. 110 na 2012 ne, 120 na 2014, 130 na 2016, 140 na 2017, 150 na 2019, kuma daga 120 zuwa sama sabon kirdadon ke aiki. A kula, sabuntawa ita kaɗai bata ɗaga lambar nan, sai in wani ya ɗaga da hannu ko an ƙirƙiri sabon databes an zuba bayanan ciki, saboda haka in kunka tarar tana 110 har yanzu to kirdadon ba shi da laifi, a wuce gaba. In kuwa 150 ce, a tambayi mai manhajar ko ya yarda, a mayar da ita 110 a gwada rahoton. Daƙiƙu kaɗan ne, ba a kashe saba, ba ya taɓa bayananku ko ɗaya, illa dai mintunan farko za a ɗan ji nauyi don yana sake tsara hanyoyi. Akwai kuma maɓallin LEGACY_CARDINALITY_ESTIMATION, a kunna shi a bar lamba a 150, wato an riƙe sauran amfanin 2019 an dawo da tsohon kirdado kawai. Ni wannan na fi so.

To amma wanga duk tsayar da jini ne, ba a zauna a kai ba. Ku kunna Query Store, ɓangaren SQL Server mai ajiye tarihin yadda kowace tambaya ta yi aiki, ya zo tun 2016 kuma kuna da shi ba sai kun biya ko kwabo ba, ku bar shi ya tattara aiki har ya haɗa da ƙarshen wata lokacin da akawu ke matsa ma sabar. Zai jera maku tambayoyin da sunka fi cin furosesa da waɗanda sunka lalace bayan duk canjin da anka yi yana kunne, kuma galibi za ka ga 'yan ƙalilan ne ke cinye kusan komai. Waɗannan su za a kai ma mai manhaja ya gyara ko ya ƙara masu indes, wato manuni mai saurin kai ga layukan da ake nema, kafin nan ana iya tilasta masu hanya mai kyau daga cikin Query Store ɗin in ya riga ya kama ta.

Sai kuma namu na gida. Windows na zuwa da tsarin wuta Balanced mai rage gudun furosesa, a mayar High performance. Sannan a leƙa ɗakin sabar, don a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in an ɗauke wuta an koma inbata an kashe AC, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun Janairu ba wanda ya busa, furosesa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. Ba wannan ne ya jawo matsalar dare ɗaya ba, amma yana ƙara mata.

Wani abu da masu sayar da saba basu cika faɗi ba: lasisin SQL Server irin na koa, kowace koa ta furosesa ake biya ma, wato ƙananan injinan aiki da ke cikinta, in ka sayo mai koa 16 maimakon 8 kuɗɗin lasisi ya ninka, kuma mummunar hanyar nan zata bi ku har sabuwar sabar ta cika ta ita ma. In an gama duk gwajin nan anka ga faifan ajiyar bayanai ne ke jan ƙafa, to SSD, wato faifai mai sauri, da ƙarin RAM za ku fara saye, kuɗɗinsu bai kai ko kusa da na saba ba.

Tambaya: Malam ina da kemis a Mabera, kwamfutar da databes yake kanta na ƙara mata RAM har giga 32 amma rahoton saye da sayarwa bai ƙara sauri ba ko kaɗan. An cuce ni ne?

Amsa: Hajiya ƙila RAM ɗin lafiyarsa lau. A sa yaronki ya rubuta SELECT @@VERSION cikin SQL Server ɗin ya karanta ƙarshen amsar, ina zaton zai ga Express. Shi ne nau'in SQL Server na kyauta, kuma a SQL Server 2019 da 2022 an yi mashi iyaka: kusan giga 1.4 kawai yake ajiye bayanai a RAM, koa 4, databes kuma baya wuce giga 10. Ko giga 100 kika sa ba zai taɓa sauran ba. Kafin ki yi maganar sayen Standard, wato nau'in da ake biyan kuɗɗi, a kwashe rasitan shekarun baya zuwa wani databes daban a sabunta ƙididdiga, ga kemis guda wannan kan isa. In wani yace zai sa maki Developer tunda kyauta ne kuma ba iyaka, ki ce a'a, na gwaji da koyo ne, lasisinsa bai yarda a yi kasuwanci da shi ba.