Hukuncin wanda ya sa hannu a dukan ɓarawo bayan an ɗaure shi

Tambaya: Allah gafarta Malam, a unguwarmu a Omdurman ta ƙasar Sudan an kama wani yaron tis'a ɗawila, wato gungun masu ƙwace a titi, da ya fizge wayar wata mata. Aka ɗaure shi a jikin falwaya, jama'a suka rufe shi da duka har ya cika. Ni ma na ɗirka masa gora sau biyu. Wani ya ce mana jinin ɗan fashi halal ne. Me ke kaina?

Amsa: Ɗana, hukuncin yana cikin faɗinka "aka ɗaure shi". Kare rai da dukiya halal ne, babu saɓani, amma yana ƙarewa da zarar igiya ta hau hannunsa. A wajen Imamu Malik, dukan ƙiyayya ko da gora ne, in ya kashe, kisan ganganci ne, kuma ana kashe jama'a saboda mutum ɗaya idan sun haɗa kai a kansa.

Wanda ya halatta muku jininsa ya cuce ku. Ayar hiraba, wato fashi, a Suratul Ma'ida hukunci huɗu ta ambata, shugaba ke zaɓa, bayan shaida ta tabbata. Wa ya saurari shaida a gindin falwaya? Ba ka ma ce yana riƙe da makami ba, alhali mai fizge ya ruga babu makami ko hannunsa ba a yankewa, horo alƙali ke masa. Masu dukan za su ce hukuma ta gaza, an fasa gidajen yarin Kobar da Huda a Afrilun 2023, wanda aka miƙa wa hukuma jiya yau yana yawo. Wannan baƙin cikin ne ke ingiza mutane, na sani. To amma inda babu alƙali, malamanmu adilan gari suka ɗora a matsayinsa, ba taron da ihu ya tara ba. Sau nawa ɓarawon da kansa ke kwarma "ɓarawo!" ya nuna mai bin sa? Ga shi yaron ya tafi kabari da sunan ubangidansa da na dillalin da ke karɓar wayoyin.

Ka tuba yau. Ka nemi dattawan judiyya, wato masu sulhu na gargajiya, su shiga tsakani, kada ka tunkari danginsa kai kaɗai. Kisasi ko sulhu a kan diyya ko yafiya, magada ke da magana. Ko sun yafe, Malik ya ce alƙali ya yi bulala 100 da ɗaurin shekara. Azumin wata biyu a jere mustahabbi ne a kanka. Wanda ya ɗauki bidiyon ya daina yaɗawa, akwai uwar da za ta gani. Kai kuma kada ka ƙara sayen waya babu kwali babu rasit.

Wallahu a'alam.