Tambayoyin Masu Karatu: Gungun taurari mai sanda a tsakiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga Runjin Sambo nan Sakkwato. Na gani a Facebook wai an gano wani gungun taurari can nesa mai kama da namu har masana na ta mamaki, to don Allah mi ne abin mamaki a ciki? Kuma ta yaya ake hango abu mai nisa haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, labarin gaskiya ne kam. Sunansa ceers-2112, Luca Costantin da abokan aikinsa na cibiyar bincike a Sifen suka bayyana shi a mujallar Nature cikin Nuwamban 2023, da hotunan madubin hangen nesa na James Webb wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, shi madubin yana can kusan kilomita miliyan 1.5 daga duniya.

Ka ɗauka gungun faifai ne shimfiɗe, tari guda na taurari ya miƙe awa sanda ya ratsa tsakiyarsa, hannuwa kuma suna lanƙwasowa daga bakin sandar. Namu gungun da rana take ciki haka yake, kai kusan kashi biyu cikin uku na masu wanga siffa da ke kusa da mu suna da sandar, kuma ba ado ba ce, ita ke jan iskar gas zuwa tsakiya inda ake haifar sabbin taurari.

To ga inda mamakin yake, haskensa ya yi shekara biliyan 11 da wani abu yana tafiya kafin ya iso, ke nan abin da muke gani shi ne yadda yake tun sararin samaniya bai wuce shekara biliyan 2 ba, alhali yanzu ana lissafin biliyan 13.8. Masana da yawa sun ɗauka a lokacin nan gungun taurari duk a hargitse suke, sanda ba ta fitowa sai faifan ya natsu bayan dogon zamani, sai ga wanga ya riga ya natsu da wuri. Ni dai wallahi wannan ya fi nisan burge ni, don dole a sake duba lissafin saurin girmansu.

Batun hangowa kuwa, sararin yana ta faɗaɗa shi ya sa hasken ke miƙewa a hanya har ya wuce launin ja ya koma irin wanda ido bai gani, James Webb kuma don kama irin wannan hasken aka ƙera shi, da madubi mai faɗin mita 6.5.