Iyakar ƙasa za ta iya gitta kanta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai inda layin iyakar ƙasashe biyu ya dawo ya taɓa kansa. Akwai, kuma wanda ya fi burge ni shi ne ƙauyen Jungholz na ƙasar Ostiriya, mai mutane wajen 300.

Jamus ta kewaye ƙauyen ta ko'ina, sai ɗigo ɗaya tak a kan ƙololuwar dutsen Sorgschrofen, mai tsayin mita 1,600 da 'yan kai. Nan kaɗai ya haɗu da sauran Ostiriya. Idan ka tsaya kan alamar iyaka mai lamba 110, layuka huɗu ne suka taru ƙarƙashin ƙafarka kamar gicciye: Jungholz a gabanka, sauran Ostiriya a bayanka, Jamus dama da hagu. Ɗigon ba shi da faɗin da ko akuya za ta bi. Saboda haka duk mai mota sai ya ratsa Jamus kafin ya kai sauran ƙasarsa.

Asalin abin ciniki ne. A 1342 wani mutumin yankin da yau yake cikin Bavariya ta Jamus ya sayar da filin ga wani ɗan Tirol, jihar Ostiriya a yau, kuma yarjejeniyar iyaka ta 1844 tsakanin Bavariya da Ostiriya ta bar shi a hannun Ostiriya. Har zuwan yuro, kuɗin Jamus mutanen ƙauyen suke kashewa.

Akwai irin wannan ɗigo a Baarle, tsakanin Beljiyam da Holan, amma can a fili yake, ba sai ka hau dutse ba.