Ku Tambayi Anti: Yadda ake ɗinka wa 'yan Sims atamfa da babbar riga

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun ranar da na saka hoton 'yar Sim ɗita sanye da riga da siket na atamfa, an kafa mata ɗauri ture-ka-ga-tsiya, saƙonni ke shigowa kamar ruwan Agusta, kowa tambayarsa ɗaya, wai a ina na samo kayan. Ba samowa na yi ba, ɗinkawa na yi. Ga wanda bai san gem ɗin ba, The Sims wasa ne na kwamfuta da zaka ƙirƙiri mutum ka gina masa gida ka nema masa aiki ka yi masa aure, wannan mutumin shi ake cewa Sim, kamfanin Maxis na Amurka ne ya yi shi a ƙarƙashin kamfanin EA, wato Electronic Arts, na farko ya fito a 2000, na huɗun da muke bugawa yanzu ya fito a 2014. Kayan da 'yan wasa ke haɗawa da kansu su zuba a ciki su ake cewa CC. Ga tambayoyin da na tsinto a wannan makon.

Tambaya: Slm Anti ya aiki, dan Allah ni tela ce ina ɗinkin mata, inaso nima na yiwa Sim ɗita anko irin wanda muka yi na bikin ƙanwata amma wlh ban san ta ina zan fara ba, ance sai na iya Blender, na buɗe shi sau ɗaya kaina ya sara na rufe. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Rufe Blender ɗin nan ki bar shi ya huta tukunna, wanda ya ce miki da shi ake farawa so yake ki gudu. Kaya a gem ɗin nan abu biyu ne a haɗe, akwai ƙirar rigar wato gangar jikinta, akwai kuma hoton da aka shimfiɗa a kanta wanda shi ne yadin. Blender na ƙira ne. Ke kuwa yadi kawai zaki canza a kan rigar da Maxis suka riga suka ɗinka, kamar dai kwastoma ta kawo miki tsohuwar rigarta ta ce ki fitar mata da irinta sak da wata atamfar.

Abin da kike buƙata shi ne Sims 4 Studio, kyauta ne, akwai na Windows akwai na Mac, sai manhajar gyaran hoto, GIMP ta isa kuma ita ma kyauta ce, in kina da Photoshop to falillahil hamdu. A cikin Studio ki zaɓi Create CAS Standalone, zai jero miki duk kayan da ke gem ɗin, ki nemi rigar da yankanta ya yi kusa da ɗinkin ankon naku. Nan ga shawarar da ba kowa zai gaya miki ba, ki ɗauki riga daga ainihin gem ɗin ba daga fakitin da ake saya daban ba, don in kika ɗauko daga fakiti to duk wadda bata sayi fakitin ba rigarki ba zata yi mata aiki ba. Kuma ki zaɓi kalar da ta fi haske, fara in akwai.

Da kin fitar da hoton yadin rigar daga Studio zaki ga wani dogon abu mai faɗin 1024 da tsawon 2048, rigar a baje kamar an farke ɗinkinta, gaba daban baya daban hannuwa daban. Kinga ke nan kin fi mu, don ke kin saba ganin riga a haka a kan teburin yanka, mu da bamu taɓa riƙe almakashi ba sai da muka yi ta zare ido. Abin lura shi ne wannan hoton guda ɗaya duk jikin Sim ke rabawa, akwai filin riga, filin wando, filin takalmi, filin hula da na tabarau, kowa da gonarsa, in fentinki ya tsallaka gonar wani sai ki ga furen atamfarki ya fito a kan takalmi.

Yadin kuma ki shimfiɗa shi a ƙasa bayan kin goge shi, ki ɗauki hoto a inuwa daga sama tsaye, kar ki ɗauka a rana kar ki kunna filashi. A cikin GIMP ko Photoshop ki ɗora hoton a saman farar rigar ki sa shi a saitin haɗa hotuna da ake kira Multiply, wannan ne zai bar lanƙwasa da inuwar rigar su fito ta cikin zanen, in ba haka ba rigar zata fito a shafe kamar an liƙa mata takardar kalanda. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne girman fure. Filin rigar ƙarami ne, atamfa mai ƙananan zane sosai dagulewa take yi ta koma kamar kunu, mai manya kuma fure ɗaya sai ya cinye ƙirji gaba ɗaya, sai kin yi ta ragewa kina ƙarawa kina leƙawa a Studio. Sannan ki duba gefe inda gaba da baya suka haɗu, ko zanen ya hau juna, wannan kam ba sai na koya wa tela ba.

In kin gama akwai wani ɗan akwati a Studio da ke ba mutanen gari damar saka kayan da kansu, ki cire masa alama. Ni na manta a karon farko, na tura Sim ɗita shan iska sai ga mata uku a titi duk sun yi ankon ba gayyata.

Tambaya: Anti ni a waya nake bugawa, za'a iya saka CC? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: A'a ƙanena. The Sims FreePlay na waya gem ne daban, baya karɓar waɗannan fayilolin, haka wanda ke buga The Sims 4 a PlayStation ko Xbox ba shi da foldar da zai zuba su. Sai kwamfuta. Daɗin abin tun Oktoban 2022 ainihin gem ɗin ya zama kyauta, data kawai zai ci, kuma yana ci ba kaɗan ba, ka bari sai ka samu waifai. Laftof mai RAM 4 zai ɗauka da ƙyar, 8 ya fi kwanciyar hankali. Duk wanda ya turo maka wani fayil ya ce The Sims 4 ne na Android, ka goge.

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Na iya canza kala, na yi kaftani na shadda ya yi kyau, yanzu babbar riga nake son yi da hula, na gwada a Marvelous Designer ta fito tsaf kamar a saka a tafi Hawan Sallah amma da na kai ta gem Sim ɗin yana ɗaga hannu sai rigar ta yage ta miƙe, gem ɗin ma ya fara nauyi. Meye matsalar? Daga wani ɗan'uwa a Kano.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari, ka ɗauko dutsen da ni ma ya taɓa danne ni. Tawa ta farko da Sim ɗin ya ɗaga hannu zai yi gaisuwa sai ya koma jemage, yarana har yau suna tuna min.

Ga inda gizo ke saƙar. A Marvelous Designer, manhajar nan ta wani kamfanin Koriya ta Kudu da ake biya, yadi yadi ne, kana yanka fatun ka ɗinke ya zubo a jiki yana rawa da nauyinsa. A The Sims 4 babu wannan sam. Riga bata san iska ba bata san nauyi ba, a manne take da ƙasusuwan da ke cikin Sim, kowane ɗigo na rigar an gaya masa ƙashin da zai bi da kuma yadda zai bi shi, kaso kaza hannu kaso kaza ƙirji. Kaftani bai ba ka wahala ba don hannunsa na bin hannu jikinsa na bin jiki. Babbar riga kuwa ai ita ba ta da hannu irin wannan, yadi ne mai faɗi tun daga wuyan hannu har ƙasa, to yadin da ke rataye a tsakani wa zai bi? In ka ba hannu duka sai ya tashi kamar fiffike, in ka ba jiki duka hannu ya huda ya fito.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce na daina ɗinka ta a baje. Ka dubi yadda manya ke saka ta a zahiri, ai naɗe ta suke yi su ɗora a kafaɗa, to ka ƙera ta a naɗe tun farko, tulin yadin ya zauna a kafaɗa ya bi ƙashin kafaɗa da na ƙirji, hannun da zai fito ya zama na 'yar ciki. Ƙasan kuma ka kwafi rabon ƙasusuwa daga wata doguwar rigar Maxis mai kai wa idon sawu, Blender na da hanyar kwafe wannan daga riga zuwa riga, sai ka bi da hannu ka gyara hammata da tsakanin ƙafafu. Ba zata yi kyau ɗari bisa ɗari ba in ya zauna ko ya hau keke, na Maxis ɗin ma in ka ƙura ido dogayen rigunansu na miƙewa a tsakanin gwiwoyi.

Akwai abu biyu da in ka tsallake zaka dawo min da kuka. Na ɗaya wata taswira ta jikin rigar da ake kira uv_1, ita ke sa riga ta bi jiki in an ƙara wa Sim ƙiba ko an rage, in babu ita ka yi wa Alhaji tumbi sai tumbin ya fito waje rigar na nan inda take. Ita ma kwafarta ake yi daga rigar Maxis. Na biyu nauyin da ka ce gem ɗin ya yi, wannan daga Marvelous ne, yana fitar da riga da ɗigo-ɗigo masu yawan gaske fiye da abin da gem ɗin ya saba ɗauka, dole ka rage su a Blender. Kuma kowace riga hawa huɗu gare ta, daga LOD 0 ta kusa har LOD 3 ta nesa, kowace ta fi ta gabanta sauƙi, masu ƙiwa sai su cusa mai nauyin a duka huɗun, shi ya sa wani CC ɗin ke sa laftof ya yi ta huci kamar injin markaɗe. Ka kuma duba wane Blender ne Studio ɗinka ke aiki da shi kafin ka sauke, ba kowanne suke shiri ba.

Aikin wuya kuwa, aska takwas ko aska biyu, kar ka ce zaka ƙera zare ɗaya-ɗaya. Zana shi zaka yi a hoton yadin, sannan akwai wani hoto na daban da ke yaudarar haske ya sa abu ya yi kamar ya taso, a nan zaka sa surfanin ya yi tudu. Ƙyallin shadda ma hotonsa daban, ka sa kaɗan, in ya yi yawa leda zata koma. Hula ita ce mai sauƙin, ka fara daga hular da ke gem ɗin, tun afdet ɗin Satumban 2019 suka saka hijabi da 'yar hular saƙa kyauta, ka ja tsawonta ka ba ta ƙirar zanna. Sai dai gashin CC da ba'a yi masa yankan hula ba zai huda ta ya fito, wannan ba laifinka bane.

Tambaya: Na sauke kaya sun fi hamsin ko ɗaya bai fito ba, wasu kuma da suka fito a da yanzu Sim ɗin ta zama ja da fari da alamar tambaya a jiki abin tsoro. Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ki duba ko fayilolin na ƙarewa da .package, in a zif suke sai kin kwance su, kuma mazauninsu Documents, Electronic Arts, The Sims 4, Mods. Sannan ki shiga saitin gem ki kunna izinin CC ki rufe ki sake buɗewa, kuma ki sani in an yi babban afdet gem ɗin da kansa yake kashe izinin sai kin mayar. Ja da farin nan alama ce gem ya nemi hoton kayan bai samu ba, ko fayil ya lalace ko kin sauke kala ba tare da ainihin ƙirar da aka yi ta a kai ba, masu yi suna rubutawa a ƙasa mu ne bama karantawa. In baki gane mai laifin ba ki kwashe rabin foldar gefe ki gwada, ki sake raba rabin da matsalar take, a haka har ki kama shi, kina goge fayil ɗin localthumbcache.package da ke foldar The Sims 4 duk zagaye. Riga bata zuwa a .exe, in kin ga haka kar ki taɓa.

Tambaya: Anti gaskiya ni kuɗi nake so, in na iya zan iya sayarwa? Daga wata 'yar jami'a a Sakkwato.

Amsa: Hhh kin burge ni da baki ɓoye ba. A 2022 EA suka fitar da ƙa'ida cewa irin CC ɗin nan da muke rabawa a intanet ba'a kulle shi da kuɗi har abada, abin da suka yarda shi ne ki ba masu tallafa miki su riga kowa samu na ɗan lokaci, daga nan ki sake shi kyauta, da yawa a Patreon, shafin da masoya ke tallafa wa mai fasaha da kuɗi, suke yin haka suna sakewa bayan sati biyu ko uku. Sun kuma hana amfani da tambarinsu har da koren lu'ulu'un nan na saman kan Sim wajen talla. Ki kiyayi ɗaukar ƙirar wani mai CC ba izini, rigima ce babba a wannan duniyar, haka zanen atamfar kamfani irin Vlisco na Holan mallakarsu ne, in abin ya kai ga kuɗi gara ki zana naki.

Kasuwar kuwa akwai ta. Masu yin CC irin su Ebonix da Xmiramira sun yi suna ne don sun yi kitso da kalar fatar baƙaƙe lokacin da gem ɗin ya gaza a nan, sai a Disambar 2020 EA suka ƙara kalolin fata sama da 100. Kayanmu na Arewa har yanzu in kika shiga shafukan sauke CC irin su CurseForge ko The Sims Resource nema sai kin sha wahala kafin ki ga ɗaurin ɗankwali na kirki ko lafaya ko gyale da aka yafa yadda muke yafawa. Ki fara da kala goma na riga ɗaya ki sake su kyauta a ga hannunki, ki turo min in gwada a laftof ɗina mai huci, in ya ɗauka to na kowa zai ɗauka.