Wace roba ce ta dace da faifan zurawa a wasan golf ɗin faifai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Tampere na ƙasar Finlan. Abokan karatuna sun koya mini golf ɗin faifai, wasan da ake jifa da faifan roba har a zura shi cikin kwando mai sarƙoƙi. Na je sayen faifan da ake zurawa da shi daga kusa, sai na tarar samfuri ɗaya ne amma robar iri-iri, wani har ya kusa ninka wani kuɗi. Mai tsadar ne ya fi? Kuma da gaske ne mai laushi ya fi kama sarƙa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka faɗa wasan a inda ya dace, domin a yankinku, a garuruwan Tampere da Nokia, aka yi gasar duniya ta ƙwararru a 2025. Amsata a taƙaice: sayi mai arahar, matsakaici wajen tauri, ka ɗauki biyu ko uku iri ɗaya.

Kowane kamfani yana da roba kashi biyu. Akwai ta ƙasa mai araha, irin su DX ta Innova, Classic ta Dynamic Discs, Zero ta Latitude 64, D-line ta Discmania da K3 ta Kastaplast. Akwai kuma mai tsada: Star da Champion na Innova, ESP da Z na Discraft, Opto da Gold na Latitude 64, da K1 ta Kastaplast. Tsadar nan ƙarko kake saya da ita. Faifan da ake wurgawa da ƙarfi yana dukan itace da dutse, kuma idan robar ta araha ce gefensa yana saurin kurjewa, tashinsa ya canja, ya fara karkata dama ga mai jifa da bayan hannun dama. To amma faifan zurawa ba wannan wahalar yake sha ba. Yawancin aikinsa cikin mita 10 na kusa da kwando ne, da'irar da dokar PDGA, ƙungiyar da ke tsara dokokin wasan, ta ce sai ka nuna ka tsaya daram bayan jifa kafin ka taka gaba. A wannan ɗan tsakani kurjewa ba ta cika canja komai ba. Abin da ke ci ko ya kayar da kai shi ne yadda faifan ke fita daga yatsunka.

A nan ne mai araha ta yi wa mai tsada fintinkau. Shafa Champion ko Opto da babban yatsa, za ka ji santsi da sheƙi. Da raɓa ta taɓa ta ko hannunka ya yi gumi, sai ta nemi suɓucewa. Shafa DX ko Zero kuwa, za ka ji ɗan kaushi kamar na alli, yatsa yana zama inda ka sa shi. Kuma tana daɗa daɗin riƙo da amfani. Shi ya sa za ka ga ƙwararrun da kamfani ke ba su faifai kyauta, mafi yawansu da robar araha suke zurawa.

Batun laushi shi ne inda mutane suka fi ruɗa kansu. Ni ban yarda mutum ya sayi faifai don ya kama masa sarƙa ba. Faifan da ya doki tsakiyar sarƙa da ƙarfin da ya dace zai shiga, mai tauri ne ko mai laushi. Wanda ya doki gefe kuma, sau da yawa fita zai yi ko da roba ce kamar me. Dubi Aviar, faifan da Innova ta fitar tun 1984: Ken Climo, wanda ya ci gasar duniya sau 12, robar da ke ɗauke da sunansa, KC Pro, mai tauri ce. Ta Juliana Korver, JK Pro, mai laushi ce, Korver ɗin ma ta ci gasar sau 5. Ka ga ba robar ke ci ba.

Amfanin laushi na gaskiya yana ƙasa ne, ba a sarƙa ba. In ka kuskure kwando, mai laushi yakan faɗi ya kwanta, mai tauri kuwa yana iya tsayawa kan gefensa ya gangara, musamman inda kwandon ke kan tudu, ka koma nesa fiye da inda ka fara. Illar laushi kuma tana hannu: kana danna babban yatsa saman faifan ya lotsa, yau ya fita haka, gobe haka. Mai tauri yana fita tsaf, iri ɗaya kullum, abin da ya sa masu tura faifai daga ƙasa ba tare da juya shi sosai ba suka fi son sa.

Kada ka manta da garin da kake. Sanyi yana sandarar da roba, zafi yana sassauta ta. Faifan da ka ji matsakaici ne cikin ɗumin kanti zai yi tauri sosai a filin Tampere cikin Janairu, ga yatsu sun daskare. Don haka Zero Medium ko Classic Blend sun isa bazara, in kana wasa da hunturu kuma ka sauka mataki ɗaya zuwa Zero Soft ko Classic Soft. D-line ma tana da matakai, Flex 1 mafi laushi, Flex 3 mafi tauri. Mai laushi kada ka bar shi a mota cikin rana ko a danne ƙasan jaka, yana lanƙwashewa.

In ka koma kantin, riƙe faifan yadda za ka zura, babban yatsa a sama, manuniya a gefe, ka ɗan danna. Ya ba da kai kaɗan ba tare da ya lotsa ba? Shi ke nan. Ka kuma lura da ƙasan bakinsa: samfurin Judge yana da ɗan zobe da ya taso a wurin, samfurin Pure ba shi da shi, kuma wannan bambanci yakan fi na roba tasiri a yatsa. Nauyi ka tsaya wajen giram 173 zuwa 175, iska ba ta cika wasa da shi ba.

Akwai wuri ɗaya da zan ce ka kashe kuɗi. In kana son faifan zurawa da za ka riƙa wurgawa daga nesa, daga wurin farawa ko ta cikin dazuzzukan nan naku masu yawan itace da dutse, sayi samfurin da ka saba da shi a roba mai tsada, ka ware shi don wannan aiki kawai. Na zurawa su tsaya a kwando. Kowanne ka rubuta sunanka a ƙasansa da alƙalami, domin doka ta ce faifan gasa ya kasance da alamar mai shi. In gefe ya kurje, an yarda ka ɗan goge shi da sanfefa sama-sama. Wanda ya tsage ko ya huje kuwa ya fita daga gasa.